ThinkPad T480 ta hannu don aikin waƙa a gida: na'ura mai kyau, RAM ɗin da ya ja min abin kunya

Duk mai haɗa kiɗa a ɗakinsa a garin nan na Zariya ya san matsalarmu ta farko ba makirfo ba ce, wuta ce. Shi ya sa na haƙura da tsohuwar kwamfutata ta tebur mai RAM 4GB (RAM shi ne ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai), wadda da an ɗauke wuta take mutuwa da duk abin da ke kanta, na shiga PZ, layin 'yan kasuwa, neman laftof. Ba sai na faɗi farashi ba, duk wanda ya taka layin masu kwamfuta a bana ya san yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo. Shagon ma ba zan kira sunansa ba, amma mai shi ya san kansa.

Abin da na je nema a bayyane yake: ThinkPad T480, furosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) i5 zubi na takwas, RAM 16GB, da SSD, wato faifan ajiya mai sauri. Na zaɓe ta ne saboda dalilai biyu da suka shafe mu nan Zariya. Tana da batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje wanda ake iya cirewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Sannan gurbin RAM ɗinta biyu ne kuma duka ana zarewa, ba kamar T480s da T490 ba da aka manne wani ɓangare a jikin allon ciki. Na'ura ce ta 2018, ba wani sabon yayi ba, amma i5-8350U ɗin da ke cikinta mai ƙwaya huɗu ne, kuma Windows 11 na hawa kanta ba tare da dabara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025. A kula dai, akwai T480 masu i5 zubi na bakwai mai ƙwaya biyu kacal, jikinsu iri ɗaya sak, kuma ba kowane mai shago ne zai yi maka wannan bayanin ba.

A shagon na buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna abin da na'ura ke ɗauke da shi, a gaban mai shagon, ga 16GB nan ɓaro-ɓaro, gurbi biyu duka a cike. Na kunna bidiyo, na danna kowane maɓalli, na gwada ramukan USB. Komai lafiya lau. Ya ce min, "Malam, wannan ko fim za ka haɗa da ita ba za ta yi tari ba." Na biya na hau babur zuwa Tudun Wada ina jin daɗi.

Da farko kam ta burge ni. Kayan aikina ba su da yawa: fiyano Yamaha PSR, sawunkad Scarlett Solo mai shigar da sauti cikin kwamfuta, makirfo kwandensa guda, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Waƙoƙin da na fara yi a kanta duk masu sauƙi ne, in buga kiɗan a fiyano in ɗauke shi a matsayin sauti, mawaƙi ya ɗora murya, a sa amshi, shi ke nan. Irin wannan aikin ba ya cin RAM ko kaɗan, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Murya ɗaya ta minti guda, in an ɗauke ta a 24-bit da 44.1 kHz, ba ta wuce 8MB ba. Ko layi ashirin ka jera na waƙar minti biyar, duka-duka wajen 800MB ne. Masu cin RAM na gaske su ne Windows kanta, wadda kafin ka buɗe komai ta riga ta kwashe wajen 3GB zuwa 4GB, sai kuma ɗakunan sauti irin na Kontakt, manhajar da ke buga sautukan kayan kiɗa na gaske da aka riga aka ɗauka, waɗanda ke loda farkon kowane sauti a RAM su riƙa jawo ragowar daga SSD. Ka buɗe gogen Turawa na taro, ka ƙara ƙaho da fiyano mai nauyi, ka bar Chrome a buɗe, za ka ga 8GB ta cika ta batse. To ni a makonnin farko ban taɓa kai ta can ba.

Sai aikin waƙar biki ya shigo.

Wata Hajiya ce daga cikin birni za ta aurar da 'yar ƙaninta, tana son waƙar da za a sa ranar kamu. Ba irin wadda ake canza sunan amarya a tsohon kiɗa a miƙa ba, a'a, ta ce tana son kiɗan zamani amma da kalangu na gaske a ciki, irin wanda aka yi mata a nata bikin. Ita da kanta ta samo makaɗin, wani dattijo da ya fi shekara sittin, ta kuma ce za ta zo ta zauna saboda kada a tsallake sunan kowa a dangi ko a sa wata ƙawa gaban wata. Wanda ya taɓa yin waƙar amarya ya san jerin sunayen nan ya fi kiɗan kansa haɗari. Ni kuma da na ga aiki ne babba, sai na zage na shirya masa kiɗa mai kauri: goge daga Kontakt, sarewa, ƙahoni, ganguna a ƙasa, na bar wa kalangu fili a tsakiya. Task Manager ya nuna ina cin wajen 11GB. Na ce ai da sauran wuri, abin da na biya kuɗi dominsa ke nan.

Ranar ɗauka ɗakin ya cika. Mawaƙi, 'yan amshi mata biyu da suka taho daga Samaru, Hajiya a kan kujera ɗaya tilo da nake da ita da takardar sunaye a hannu, dattijon a kan tabarma. An kashe fanka saboda makirfo, an rufe taga saboda ƙarar babura, ga zafin bazara, kowa na tsiyayar gumi. Muryoyi suka shiga lafiya, sai dai sau ɗaya FL Studio ta rufe kanta haka kawai, na sake buɗewa na ce wa mutane ba komai. Bayan La'asar aka zo kan kalangu.

Dattijon ya ce in sa masa kiɗan ya ji tukuna. Ya saurara ido a rufe, ya ja tsarkiyar kalangun ya saki, ya matse shi a hammata, ya ɗan tsoma yatsa a ruwa ya shafa fatar. Hedifon bai zauna masa ba saboda hula, sai ya riƙe kunne ɗaya a ciki ɗaya a waje. Na buɗe Edison, abin ɗaukar sauti na cikin FL Studio, kamar yadda na saba yi wa duk abin da zan yanka daga baya, na ba shi hannu. Jama'a, abin da mutumin nan ya buga ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Ba bin kiɗan yake ba, magana yake yi da shi. Duk inda mawaƙi ya kira suna, kalangu ya maimaita sunan da bakinsa, har da kirarin gidan su amarya wanda babu shi ma a takarda. Hajiya ta ajiye takardar ta fara share hawaye da gefen mayafi, 'yan amshi suka toshe baki don kada guɗa ta kuɓuce musu. Ya kai ƙarshe ya sauke gula, ɗakin ya yi tsit, na kai hannu zan tsayar.

Sautin ya maƙale a wuri ɗaya yana ta ɗirrr a lasifika, allon ya koma shuɗi, ga rubutun MEMORY_MANAGEMENT a ƙasa. Na'urar ta kashe kanta ta sake tashi.

Wanda bai san Edison ba: shi a RAM yake riƙe abin da ya ɗauka har sai an ajiye. Muryoyin da na ɗora kai tsaye a kan layin waƙa suna nan a SSD, ajiyar da manhajar ke yi da kanta ta dawo min da tsarin kiɗan. Kalangu kuwa ko ƙwaya ɗaya babu. Na bincika kowane lungu na na'urar ina zufa, Hajiya na tambaya, "Ɗan nan, lafiya dai ko? Sa mana mu ji mana." Da ƙyar bakina ya iya furta cewa ya goge.

Na juya wurin dattijon na ce, "Baba, don girman Allah a taimaka a sake." Ya dube ni ya ce, "Yaro, sakewa ba wuya. Amma wancan ya tafi, ni kaina ban san me na buga ba." Ya sake ɗin, Allah ya saka masa da alheri. Ya yi kyau, amma hannu ne kawai, zuciyar ta riga ta fita, kuma hankalinsa na kan Magariba ta same shi a gida. Ana tsakar haka kuma na'urar ta sake yin shuɗi, wannan karon na riga na ajiye, amma kowa ya gani. Hajiya ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, da ta sani da an wuce Kano. Maganar nan har yau tana ci min rai. Waƙar dai a sitidiyon wani abokina a Sabon Gari na ƙarasa haɗa ta cikin dare, da kuɗin hayar da ya cinye rabin ribar.

Washegari na kai ta wurin wani yaro mai gyara a Samaru, kusa da babbar ƙofar ABU. Ni duk zatona fulogin ne, wato ƙaramar manhajar sauti da ake jonawa a FL Studio, ya lalace ko Windows ce ke buƙatar sabon zubi. Da na ba shi labari bai ko buɗe Windows ba, ya zura filash mai ɗauke da MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, ya tayar da ita daga nan, ya ce in je in ci abinci. Kafin in dawo allon ya cika da jan rubutu. Ya shiga BIOS, saitin tushe na na'urar, ya kashe batirin ciki, ya kwance sukurorin murfin ƙasa, ya zaro RAM ɗin guda biyu ya ɗora min a tafin hannu. Ɗaya mai tambarinsa tsaf, wanda da alama shi ya zo da na'urar. Ɗayan an ɓare takardar jikinsa, sai ragowar gam, haƙoransa na zinare sun dushe. Ya mayar da na farko shi kaɗai, gwaji ya wuce babu ja ko ɗaya. Ya sa na biyun shi kaɗai, ja ya dawo nan take.

Wato na'urar da 8GB ta iso ƙasar nan, aka samo wani RAM daga wata matacciyar kwamfuta aka cusa don a kira ta 16 a ƙara kuɗi. Kuma ba ƙarya lambar ta yi ba, 16 ɗin ce ake gani. Bokiti ne mai tsaga kusa da baki, muddin ruwa bai hau ba ba ka sanin yana yoyo. Mai kallon fim da shiga Facebook zai iya shekara da ita bai taɓa wurin da ya lalace ba, sai dai jifa-jifa ta rufe masa abu ya zagi Windows. Mu da ke cika ta da sauti mu ne muke faɗawa ramin.

Mai shago kuwa, da na koma, sai ya nuna bai ma san zancen ba. "Malam, ai a gabanka aka gwada." Na nuna masa hoton jan rubutun, ya ce wutar gidana ce ta ƙona shi. Na ce wuta ce ta ɓare takardar jikinsa? Sai da maƙwabcinsa ya sa baki, wani mai sayar da firinta, sannan ya yarda ya canza, yana ta ƙunƙuni wai mawaƙa ba su da godiya. Na ce ba zan karɓa ba sai yaron Samaru ya gwada. An samu DDR4 mai gudun 2400, 8GB, daidai da na farkon, gwaji ya zagaya har ƙarshe ba kuskure.

Daga nan ne na san ainihin abin da na saya, kuma gaskiya ɗaya ce, na'urar ta yi. Aikin nan na Hajiya da ya kashe na'urar, na sake buɗe shi na ƙara masa kaya da gangan har RAM ya haura 13GB, na bar shi yana zagayawa tun safe har Azahar, ko gezau. Ina ɗaukar murya da bafa, wato yawan sautin da na'ura ke tarawa kafin ta sarrafa shi, a 128, wanda a 44.1 kHz bai kai milisakan 3 ba a hanya ɗaya, mawaƙi na jin kansa da Auto-Tune mai saita murya a kunne ba tare da ya ce muryarsa na biyo shi a baya ba. A tsohuwar kwamfutata sai na kai 512 kafin ƙaraf-ƙaraf ya daina, kusan milisakan 12 ke nan kafin a haɗa da na dawowa, kuma duk mawaƙin kirki yana jin wannan a jikinsa. In an zo mixin na ɗaga bafa zuwa 1024, in jera fulogin yadda nake so. A nan ne kawai furosesa ke nuna iyakarta. In na cika rebab masu nauyi, wato masu sa amsa-kuwwa, da kayan mastarin na gyaran ƙarshe a lokaci ɗaya takan fara ƙwarewa, sai in mayar da wasu layukan sauti tsantsa in huta. Masu zaton ƙarin RAM na maganin ƙaraf-ƙaraf su daina wahalar da aljihu. Wannan aikin furosesa ne da bafa da direban ASIO na sawunkad ɗinka, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta. RAM in ya ishe ka ya ishe ka, ƙari a kai ba ya ƙara gudu. Wani na ta zuga ni in kai ta 32GB tunda tana ɗauka. Me zan yi da shi? Ban taɓa cika 16 ɗin ba.

Abu ɗaya da ya kamata a sani, in tana kan batir Windows na rage mata ƙarfi don tattali. Sai ka shiga saitin wuta ka sa ta a mafi ƙarfi, in ba haka ba da an ɗauke wuta za ka ji kiɗa ya fara tsinkewa ka ɗauka wani abin ne ya lalace.

Da a nan zancen ya tsaya da na ce kowa ya je ya saya. Amma tsugune ba ta ƙare ba, don mutumin da ya iya cusa maka mataccen RAM ba a nan kaɗai zai tsaya ba. Cajar da ya haɗo min ba tata ba ce. A ido ba ka ganewa, nauyinta ne ya tona ta, fayau take. Da na jona ta sai wani siririn kuka ya shiga lasifika, ziiii, yana hawa yana sauka in na motsa linzami. Na zare, ya ɗauke ɗif. A kan janareta kuwa abin ya ninka. Kwandensa ba ya yafiya, duk abin da ya ji sai ya kai rahoto. Yanzu dole in cire caja duk lokacin da za a ɗora murya, wanda ya kawo mu kan batir. Batirin wajen da na zaɓi na'urar saboda shi, ƙaramin ne mai 24Wh, kuma ya riga ya gaji, Windows na nuna bai riƙe ko rabin abin da aka yi shi da shi. Da na ciki da na waje in an haɗa, a aiki mai nauyi, da ƙyar suke kai mu ƙarshen zama ɗaya. Duk wannan a shago ba ya nunawa, don a jone da wuta ake miƙo maka ita.

Fankar ciki ma da farko ta so ta haukata ni. Ɗakina ƙarami ne, tsakanin tebur da makirfo taku uku ne, in ta tashi huci ana jinta a bayan murya, musamman a wurin da mawaƙi ya yi ƙasa da sauti. Da yaron Samaru ya buɗe sai ga ƙura ta yi tabarma a bakin mafitar iska, man da ke kan furosesa ya bushe ya zama gari. Ya share ya sa sabo, ta yi shiru sosai. Wannan ban ɗora wa kowa ba, tsufa ne, kuma da hunturun Zariya na san aikin kowace shekara ne. Na dai ɗaga bayanta da katako don iska ta ratsa, na juya makirfo ya ba ta baya.

SSD ɗin 256GB ne. Windows, FL Studio da ɗakunan Kontakt kaɗan suka cinye fiye da rabi, ayyukan mutane suka ƙarasa sauran. Saurinta ba laifi, aiki na buɗewa kafin ka gyara zama, amma kullum ina cikin kwashe tsofaffin waƙoƙi zuwa faifan waje. Ramukan USB na gargajiya biyu ne kacal, sawunkad ya ɗauki ɗaya, fiyano ya ɗauki ɗaya, faifan waje sai ya jira layi. Ban yarda in sa sawunkad a kan mai rarraba USB ba.

To in an tambaye ni, a saya ko kar a saya? Wanda duk kiɗansa a fiyano yake bugawa, murya da amshi kawai yake ɗauka, ko 8GB ta riƙe shi, ya sa ragowar kuɗin a makirfo da labulen bango. Mai amfani da Kontakt da ire-irensa kar ya sauka ƙasa da 16GB. T480 mai zubi na takwas ta isa duka biyun. Amma ni yanzu ko ɗan'uwana ne mai shagon, da filash ɗina zan je, a tayar da MemTest86 a gabana, in zauna a benci har ya gama ko da zai kai mu Azahar. In ya ce ba shi da lokaci, ni ma ba ni da kuɗi. A buɗe murfin ƙasa in ga RAM ɗin da idona, a zare caja in ga yadda batir ke sauka, in ɗaga cajar in ji nauyinta. Kuma duk da haka in na tuna kalangun nan sai in ji kamar in ce kowa ya tara kuɗi ya sayi sabuwa a kwali, don an sa waƙar a wurin kamu, mata sun yi rawa, an yi liƙi, kowa na yabawa, mu da muke ɗakin ranar ɗauka kaɗai muka san ba ita ba ce. Hajiya ba ta sake kawo min aiki ba, alhali na ji an yi wani bikin a gidan bayan Sallah.

Cajar asali mai 65W na riga na ba da saƙo a taho min da ita daga Kaduna. Abin da ya rage shi ne babban batirin waje mai 72Wh, wanda ke ɗan ɗaga bayan na'urar. Na zaga PZ da Sabon Gari, duk wanda aka nuna min ko jabu ne ko ya kumbura. In akwai wanda ya san inda ake samun na gaske, ko na hannu ne matuƙar yana da rai, ina nema.